Kafin Ka Sayi Keken Lantarki, Fara Duban Hanyarka

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin Nijeriya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin zuwa makaranta ya zama babban nauyi a kan malami da kuma mahaifin ɗalibi. Wannan ne ya sa mutane da dama suka fara waiwayar keken lantarki, watau keke mai feda wanda aka ɗora wa batir da ɗan ƙaramin inji domin ya taimaka wa ƙafar mahayi. Sai dai na lura cewa duk inda aka zauna zancen sayensa, tambaya ɗaya ake yi: "Wat nawa ne?" A ganina akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan: wace irin hanya za ka riƙa bi, kuma wa zai gyara maka idan ya lalace?

Bari mu fara da yadda injin yake aiki. A shekarar 1821 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan lantarki ya bi ta cikin waya a kusa da maganaɗisu, to ana samun juyi. A kan wannan ƙa'ida aka gina injin kowane keken lantarki: naɗin wayar tagulla a gefe ɗaya, jerin maganaɗisu a ɗaya gefen. Tsofaffin injina suna da ƙananan buroshi na gawayi masu gogar sashen da ke juyawa, kuma suna cinyewa. Yawancin na yanzu ba su da buroshi, wata 'yar na'ura ce ke sarrafa shigar lantarkin. Saboda haka babban bambancin da ya rage shi ne wurin da aka ɗaura injin.

Wuraren kuwa biyu ne, kuma dukkansu tsofaffin dabaru ne. A 1895 Ogden Bolton na Amurka ya yi rajistar keke mai inji a cikin cibiyar ƙafar baya. A 1897 kuma Hosea Libbey na birnin Boston ya yi rajistar wanda injinsa ke tsakiya, a wurin da feda take juyawa.

Injin cibiyar ƙafa iri biyu ne. Na farko ba shi da giya: injin da ƙafar suna juyawa tare. Yana da girma da nauyi, ba shi da ƙara, ba ya kuma saurin lalacewa domin kayan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne. Yana iya mayar da ɗan caji cikin batir idan an taka birki, ko da yake abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Aibinsa shi ne rauni wajen tashi da wajen hawan tudu, kuma idan batir ya ƙare za ka ji yana riƙe maka ƙafa. Na biyu yana da ƙananan giyoyi a ciki, ta yadda injin kan juya kamar sau biyar kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Ya fi ƙanƙanta, ya fi ƙarfin tashi, kuma idan an kashe shi keken yakan tafi kamar kowane keke. Giyoyin nasa galibi na roba ne mai tauri, suna cinyewa, amma ana canza su.

Shi kuwa injin tsakiya sarƙa yake ja, kamar dai yadda ƙafar mutum take yi. A nan ne ɗalibin fizis zai ga amfanin darasinsa. Ƙarfin inji, wanda ake aunawa da wat, shi ne ƙarfin murɗawa sau saurin juyi. Injin lantarki ya fi aiki da kyau idan yana juyawa da sauri. Idan tudu ko nauyin kaya ya danne shi ya rage gudu, sai ya ja lantarki mai yawa, kaso mai tsoka daga ciki ya koma zafi. Injin cibiyar ƙafa ba shi da mafita daga wannan, domin saurinsa a ɗaure yake da na ƙafa. Injin tsakiya kuwa yana cin moriyar giyoyin keken: mahayi ya sauko giya, injin ya ci gaba da juyawa da sauri, keken ya hau tudu a hankali ba tare da ɗaukar zafi ba. Shi ya sa injin tsakiya mai wat 250 kan iya tsere wa injin ƙafa mai wat 500 a kan doguwar hawa. Ashe ke nan lambar da aka manna a jikin keke ba ta isa hujja ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, doka ta ƙayyade keken lantarki na yau da kullum a kan wat 250, injin kuma ya daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, amma da shi mutane ke zuwa aiki kullum.

To, wanne ya dace da mu? Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan malamai da ɗalibai a garuruwa masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin su Kano da Katsina da Maraɗi, injin ƙafar baya mai giya ya fi. Dalili na farko, ya fi araha. Na biyu, bai dogara da sarƙa ba. Injin tsakiya yana ɗora ƙarfinsa da na mahayi duka a kan sarƙa ɗaya, ga ƙurar hunturu da yashi suna haɗuwa da mai suna cin haƙoranta. Idan ta tsinke, inji da feda sun tsaya tare, sai turawa. Mai injin ƙafa kuwa, in kekensa yana da totur, zai isa gida ko da sarƙa ta tsinke. Na uku, sarƙarsa da fedarsa irin na kowane keke ne, mai gyaran bakin kasuwa ya san su. Injin tsakiya sau da yawa a rufe yake, kayan gyaransa sai na kamfanin da ya ƙera shi.

Ba na musun cewa wannan zaɓi yana da nasa aibi. Yin faci a ƙafar baya ya fi wuya, tunda sai an cire wayar inji kafin a kwance ƙafar, ƙaya kuwa ba ta ƙarewa a hanyoyinmu. Haka kuma nauyi yakan rinjaya baya. Wanda ke zaune a ƙasa mai duwatsu kamar Jos ko tsaunin Mambila, ko wanda hanyarsa yashi ce mai zurfi, ko mai ɗaukar kaya masu nauyi, ya daure ya nemi injin tsakiya idan yana da hali da kuma mai gyara. Wanda dai ban ga dalilin saye ba shi ne injin ƙafar gaba, domin nauyin mahayi ba ya kanta, sai ta riƙa zamewa a cikin yashi da taɓo.

Bayan inji sai batir, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a jikin keken. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka bolt da amfiya-awa, sai a sami wat-awa. Alal misali, batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana ɗauke da wat-awa 360. Idan muka ƙaddara cewa keke yana cin wat-awa 12 a kowace kilomita, to zai yi kilomita 30 kafin a sake caji. Da wannan lissafi ɗalibi zai iya auna cika bakin mai sayarwa. Batirin dalma ya fi araha, amma ya ninka na litiyam nauyi, ya kuma riga shi mutuwa. Shi kuma na litiyam zafi ne abokin gabarsa. Ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a inuwa. Don haka a ajiye shi a inuwa, a bar shi ya huce kafin caji, kada kuma a sa masa cajar da ba tasa ba, domin hakan na iya jawo gobara.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce, ya auna nisan gidansa da makaranta, ya lura da tudu da yashin da ke hanyar, ya je wurin mai gyara ya tambaye shi irin injin da yake iya kwancewa da kuma inda ake samun kayansa. Bayan wannan sai ya shiga kanti, ya hau keken ya gwada, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Su kuma malaman kimiyya, keke ɗaya a gaban aji ya isa a koyar da maganaɗisu da giya da lissafin batir a darasi guda. Cikin ɗaliban da za su zagaye shi ne muke sa ran samun masu gyaran da garuruwanmu ke bukata.