A Brasiliya, a sauko daga mota

Galibin masu yawon buɗe ido a Brasiliya, babban birnin Brazil, ta tagar mota suke ɗaukar hoton gine-ginen da Oscar Niemeyer ya zana su wuce. Ni kam wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dubi babban cocin birnin. Daga waje, ginshiƙan kankare 16 ne suka lanƙwashe suka haɗu a sama. Amma sai ka gangara ta wani lungu mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, kwatsam ka ɓullo cikin hasken gilasai shuɗi da kore, kafin ka gane abin da Niemeyer ya nufa. Gani ya kori ji.

Tafiya a ƙasa kuma ita ke tona aibin birnin. Lucio Costa ya tsara shi ne don motoci: tituna maka-maka, ga rana, ga nisa. Leburorin da suka gina shi har aka buɗe a 1960, da yawa talakawa ne daga arewa maso gabashin ƙasar, kuma an tura dubbansu garuruwan gefe irin su Ceilândia. Ya kamata 'yan rakiya su riƙa kai baƙi can ma, ba ginin Majalisa kaɗai ba.