Ƙafar Doki Ita Ce Jarinsa

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Baƙi sukan zo kallon Hawan Daushe, kuma kuɗinsu yana kai wa har ƙauye: mai harawa ya samu, mai dusa ya samu, baduku mai gyaran sirdi ya samu.

Amma wa ke tuna da dokin? Yakan kwashe watanni a turke, ran Sallah a ɗora masa kaya masu nauyi, a yi ta sukuwa da shi bisa kwalta. Washegari sai gaɓoɓi su kumbura, ɗingishi ya biyo baya.

A Ingila, a garin Newmarket, akwai tafkunan da aka gina don dawakin tsere su yi iyo. Akwai kuma akwati inda doki ke tsayawa cikin ruwan gishiri mai sanyi ƙwarai. Sanyi yana rage kumburi. Iyo yana motsa jiki ba tare da nauyi ya danne gaɓa ba.

Wani zai ce, ina muka ga kuɗin wannan? Ai muna da rijiya da rafi. Bayan hawa, a riƙa zuba wa ƙafafun ruwan sanyi minti 20. A fara motsa doki makonni kafin Sallah. In ɗingishi ya wuce kwana biyu, a kira malamin dabbobi.

Gurgun doki ba ya jawo baƙo. Mu kula da su tun yanzu.