Suna Ɗaya, Aiki Dabam

A birnin Doha na ƙasar Katar akwai tsohuwar kasuwa, Souq Waqif. Gobara ta ci wani sashenta a shekara ta 2003, aka kama gyaranta a 2006. Masu shaho suna da wurinsu, masu kayan yaji da nasu. In baƙo ya shiga yana cigiyar Muhammadu kawai, ai sai mutum goma su amsa. Sai ya ce Muhammadu na wajen shaho tukuna a gane wanda yake nufi.

To, haka abin yake a wurin masu rubuta manhajar kwamfuta. Suna rarraba aikinsu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana ce da ita aji, kowane aji da sunansa. Domin kada sunaye su yi karo, sai a yi musu unguwanni. Harshen PHP bai sami unguwannin nan ba sai a 2009. Kafin nan kuwa, a watan Nuwamba na 2005, masu harshen sun fito da sabon aji mai suna Date, alhali akwai wani Date a taskar PEAR wanda jama'a suka daɗe suna aiki da shi. Aka yi karo, cikin 'yan kwanaki suka janye nasu.

Wannan karo da sauƙi, gama ya fito fili. Mugun shi ne wanda ba ya ƙara. A harshen Java akwai Date biyu: java.util.Date yana riƙe da rana har da sa'a, shi kuwa java.sql.Date an yi shi domin rana kaɗai. Sa'ad da ake sabunta tsohuwar manhaja, mai gaggawa yakan ga suna ɗaya ya zaci abu ɗaya ne. Kwamfuta ba lalle ta yi gardama ba, amma lokacin da aka ba majiyyaci allura yana iya ɓacewa daga rajista.

Waɗansu sun ce rubuta cikakken suna yana tsawaita layi, ya ɓata kyan aiki. Gaskiya ne, yana tsawaitawa. Amma wanda zai gāji aikin bayan shekara goma bai san abin da ke zuciyar marubucin farko ba. Saboda haka duk inda takwarori suka haɗu, a kira kowane da unguwarsa, kada a haɗe su sai an gwada aikin kowane an tabbatar daidai suke.