ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau halin kamfanonin da ke sayar mana da intanet alhali ba su mallaki ko taku ɗaya na wayar gilashi ba. Wayar gilashi ita ce zaren nan siriri kamar gashi da ake binnewa a ƙasa ko ƙarƙashin teku, saƙo yana gudu cikinsa a siffar haske. Ra'ayina shi ne, duk kamfanin da bai shimfiɗa tasa ba dillali ne kurum, komai girman allon tallarsa.

Ku dubi abin da ya auku ran 14 ga Maris, 2024. Wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna suka rikice, aiki ya tsaya cik a ofisoshi da yawa. Amma Glo-1, wadda Globacom ya jawo daga Ingila zuwa Ikko aka fara aiki da ita a farkon shekarun 2010, ba ta cikin waɗanda abin ya shafa. Ɗan haya fa? Sai jiran mai waya ya gyara, yana ta ba mutane haƙuri.

Ɗan haya ba shi da iko da farashi. Sau da yawa wanda ya ba shi hayar shi ne kuma abokin gasarsa a kasuwa, to yaya za a yi ya sauƙaƙa masa? Mai waya kuwa, in ciniki ya ƙaru ba sai ya sake haƙa rami ba. Na'urorin da ke bakin wayar kawai zai sauya, domin zare guda yana ɗaukar launukan haske masu yawa, kowane launi da nasa kaya. Abin da ya yi saura ya bayar haya. Shi ya sa Equinix na Amurka bai ji ƙyashin biyan dala miliyan 320 ya sayi MainOne a 2022 ba.

Na san za a ce da ni haƙa rami yana cin kuɗi, 'yan kwangilar hanya kuma suna tsinka waya. Haka ne. Amma kuɗin rami sau ɗaya ake kashewa, na haya kuwa ba ya ƙarewa. Laifi babba yana wuyan gwamnatocin jihohi masu tsawwala kuɗin izinin haƙa. A 2020 Ekiti ta rage nata daga Naira 4,500 zuwa Naira 145 kowace mita, Kaduna kuma ta yafe shi ɗungurungum. Me ya hana kowace jiha yin haka?

Saboda haka ina kira ga hukumar jami'armu, kafin ta sa hannu da kowane kamfani, ta tambaye shi kilomita nawa na waya ya mallaka tsakaninmu da Ikko, kuma ta ina zai bi da mu ranar da guda ta tsinke. In ya kama inda-inda, a sallame shi.