Ba'a Mai Amfani Da Ba'a Maras Amfani

Yau muna so mu ja hankalin masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, zuwa ga wani al'amari na ƙasar Amurka, wanda in an ji shi da farko sai a ce wasan yara ne, bai isa a ɓata masa takarda ba. Amma mu dai mun ga akwai abin lura a cikinsa, gama ya taɓo wata tambaya da ke gaban duk wanda aikinsa ya haɗa da duba aikin wani, watau yaya za a gaya wa mutum aikinsa bai yi kyau ba, ba tare da an zalunce shi ba.

Ran 24 ga Nuwamba, 1988, wata ƙaramar tashar talabijin mai suna KTMA, a birnin Minneapolis cikin jihar Minnesota, ta fara nuna wani wasan ban dariya da a ke kira Mystery Science Theater 3000. Wanda ya ƙago shi wani mai wasan barkwanci ne, Joel Hodgson, kuma shi ya fito a matsayin babban ɗan wasa. Labarin da a ka gina wasan a kansa gajere ne. Wai waɗansu mugayen masana kimiyya guda biyu ne su ka kama wani mai shara a ma'aikatarsu, su ka harba shi sararin samaniya cikin wani kumbo, su na aika masa da finafinai mafiya muni, su na tilasta masa kallo, don su gano fim ɗin da zai haukata mutum. Shi kuwa, don kada kaɗaici ya gama da shi, sai ya ƙera wa kansa abokan hira, mutum-mutumi na inji, waɗanda biyu daga cikinsu, Crow da Tom Servo, ke zama kallo tare da shi.

To, abin da mai kallo a gida ke gani shi ne fim ɗin kansa ya na tafiya, a gindin allon kuwa ga baƙar inuwar jerin kujeru da kawuna uku, su na ta tsoma baki, su na amsa wa 'yan fim magana, su na nuna inda a ka yi kuskure. Finafinan kuwa galibi irin na ƙagaggun labaran kimiyya ne, na tafiya duniyar wata, da dodanni, da baƙi masu saukowa daga taurari, waɗanda a ka yi da gaggawa da kuɗi kaɗan tun daga wajen 1950. Akwai na Gamera, wani ƙaton kunkuru mai tashi sama na mutanen Japan. Akwai Robot Monster na 1953, inda dodon da wai ya hallaka mutanen duniya ba kowa ba ne sai wani mutum sanye da rigar goggon biri, an kifa masa kwalkwali irin na masu nutso a ka.

Wasan ya daɗe, ya sake hannu, ya sake tasha, an tsai da shi a 1999, an kuma ta da shi a 2017. Amma mu shekarunsa na fari mu ke magana a kai, daga 1988 zuwa 1993 da Hodgson ya bar shi, domin a cikinsu ne a ke ganin yadda ba'a ta tashi daga surutu ta zama sana'a. Abubuwa uku mu ka gani.

Na fari, ba'a aiki ce, ba ta yin kyau sai da shiri. A KTMA an yi wasan sau 21, kuma yawancin maganganun nan take a ke ƙago su, ba a rubuta ba. Sai ka ga fim ya yi ta tafiya masu ba'a sun yi tsit, in ma sun yi magana ba kullum ta ke faɗa wa daidai ba. Su kansu masu wasan ba su ɓoye ba cewa aikin nan na fari bai kai ba, ba su kuwa kai shi ga sauran ƙasa ba. Da tashar ta shiga matsalar kuɗi a 1989, sai wata sabuwar tasha mai suna The Comedy Channel ta ɗauke su, a ka fara nuna wasan a duk faɗin Amurka cikin Nuwamba na shekarar, da wani fim na 1958 mai suna The Crawling Eye. Daga nan ne su ka sake hanya. Su ka ɗauki marubuta, cikinsu har da Michael J. Nelson wanda ya zama shugabansu. Su kan zauna su kalli fim guda sau da yawa, su na tsai da shi, su na komawa baya, kowa na jefa tasa, ana rubutawa, sa'an nan a tace, a zub da marasa ƙarfi, a sa kowace magana daidai wurin da ta dace. Kafin 1990 ta ƙare, sa'ad da Kevin Murphy ya karɓi muryar Tom Servo, Frank Conniff kuma ya shigo cikin mugayen, wasan ya riga ya tsaya da ƙafafunsa, har a kan sami ɗaruruwan maganganun ban dariya cikin fim guda.

A lura da wannan da kyau. Mutanen nan sun san fim ɗin da su ke yi wa dariya fiye da yadda yawancin masu yabo su ka san abin da su ke yabo. Ba wanda a cikinsu ya yi ba'a ga abin da bai kalla ba. Mu kuwa sau nawa a kan kawo wa mai duba aiki rahoto mai shafi goma, ya leƙa na farko, ya ja jan layi, ya rubuta "a sake"? Sau nawa malami kan ɗaga littafin yaro a gaban aji a yi masa dariya, alhali bai karanta abin da yaron ya rubuta har ƙarshe ba? Wannan ba gyara ba ne, ƙyuya ce ta sa rigar iko.

Na biyu, masu ba'ar nan ba su ɗora kansu bisa waɗanda su ke yi wa ba'a ba. Kuɗin da a ke kashewa a kan wasa guda a KTMA bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Mutum-mutumin nasu da tarkace a ka haɗa su: kan Tom Servo 'yar na'urar cingam ce ta wasan yara, Crow kuwa an harhaɗa shi da robobin gida da gidan sabulu da kayan wasanni. Josh Weinstein, wanda ya fara yi wa Servo murya, shekararsa 17 a lokacin. Kumbon da su ke ciki ma duk wanda ya duba ya san da hannu a ka liƙa shi, ba su kuwa yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ko da su ka sami shiga, ba su ƙaura Hollywood ba, su ka ci gaba da aikinsu a Minnesota. Saboda haka in sun yi dariyar igiyar da ke riƙe da jirgin sama a cikin wani fim, mai kallo ya san su ma igiya ce ke riƙe da nasu. Ba'arsu ta fi kama da wasan taubasai, wanda kowa ya san ana yinsa ne tsakanin mutanen da ke da dangantaka, ba irin dariyar da mai doki kan yi wa mai tafiya ƙasa ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su waɗannan sai da su ka nuna nasu tudun tukuna.

Na uku, kuma shi ne ya fi girma a wurinmu, wasan ya koya wa mai kallo cewa ba dole ne ya haɗiye duk abin da allo ya miƙo masa ba. Allo ya na da kwarjini. Abin da a ka gani da hoto mai motsi, da kiɗa, da murya mai kauri, zuciya kan karɓe shi kafin hankali ya auna. Masu wasan nan sun karya wannan kwarjini. Ba finafinan dodanni kaɗai su ka taɓa ba, har da gajerun finafinan koyarwa da a ka yi wa 'yan makarantar Amurka a da, irin su Posture Pals na 1952, mai koyar da yara daidaita tsayuwa da zama. Da a ka sa musu baki, sai a ka ga yadda waɗansunsu ke ɗaukar yara tamkar marasa wayo. Dattawanmu da su ka ga zamanin majigi, sa'ad da mota kan zo gari da dare a kafa farin ƙyalle, mai fassara na tsaye ya na bayani, sun san irin wannan koyarwa ta mai wayo da wawa, sun kuma san muryar da ke gefen allo ita ke juya tunanin jama'a. A yau da allo ya shiga aljihun kowane yaro, malamin da ya koya wa almajiransa su tambayi abin da su ke kallo, wa ya yi shi, don me, ina ya yi ƙarya, ya ba su makamin da ya fi haddar shafi ɗari.

Ba mu ce wasan ba shi da aibi ba. Akwai masu cewa, kuma maganarsu ta na da nauyi, kowane fim, kome muninsa, gumin waɗansu mutane ne, kuma ya fi sauƙi a zauna a kujera a yi dariya da a tashi a yi. Abin da ya faru da fim ɗin nan Manos: The Hands of Fate ya isa misali. Wani mutum mai suna Harold P. Warren, wanda ba sana'arsa ke nan ba, shi ya yi shi a garin El Paso na jihar Texas a 1966, da 'yar kyamarar da ba ta ɗaukar murya, sai daga baya a ka ɗora maganganu. Fim ɗin ya faɗi, a ka manta da shi. Ran 30 ga Janairu, 1993, masu wasan su ka tono shi, su ka mai da shi abin dariyar ƙasa duka. Wani zai ce, ina laifin a bar matacce ya kwanta? Haka kuma ba kullum su ka tsaya kan aikin ba. A wasan da Hodgson ya yi ban kwana da shi a 1993, kan wani fim mai suna Mitchell, sun yi ta ba'a ga ƙibar babban ɗan wasan. Wannan mu ba mu yarda da shi ba. Aikin mutum abin dubawa ne, gama shi ya yi shi, ya kuma kawo shi kasuwa. Halittarsa kuwa ba shi ya yi ba, wanda ya yi mata dariya ya wuce gona da iri.

Duk da haka a duba ƙarshen labarin Manos. Ba don ba'ar nan ba, da ba wanda zai san an taɓa yinsa. Saboda ita mutane su ka neme shi, har da a ka tsinci tsohon faifansa na asali a 2011 jama'a su ka tara kuɗi a ka gyara shi, a ka fito da shi sabo a 2015. Ashe wanda ya kalli aikinka har ƙarshe ya yi dariya ya fi girmama ka bisa ga wanda ya ajiye shi a kan kanta bai ko buɗe ba. Kowane akawu da takardarsa ta taɓa kwana wata shida cikin fayil ba amsa ya san gaskiyar wannan.

Jama'ar Amurka ma sun gane darajar abin. Tun a KTMA da a ka ba da lambar waya, masu kallo su ka yi ta bugowa. Daga baya, da ya ke ba kowane gari tashar ke kai wa ba, mutane su ka riƙa ɗaukar wasan a kaset su na aika wa juna, masu wasan kuwa da kansu su ka rubuta a ƙarshen shirin cewa a ci gaba da yaɗa kaset ɗin. Wasan ya kuma sami lambar girma ta Peabody ta shekarar 1993, wadda ke cikin manyan lambobin aikin rediyo da talabijin a ƙasar. Wanda ya neme shi yau zai tarar da yawan maganganun sun rataya ga al'adun Amurka na wancan zamani, waɗansu za su wuce shi. Ba kome, gama ba maganganun mu ke so a kwaikwaya ba, hanyar ce.

Saboda haka ga shawararmu ga duk wanda a ka ba jan alƙalami, ko a aji ko a ofis. Kada ka soki abin da ba ka karanta har ƙarshe ba. Ka nuna ainihin wurin da kuskure ya ke, kada ka ce kurum "bai yi ba". Ka tsaya kan aikin, ka bar mai aikin da mutuncinsa. Ka kuma tuna kai ma akwai mai duba naka, ka yarda a yi maka abin da ka ke yi wa wani. In an kiyaye waɗannan, ko da wasa a ka faɗi gaskiya za ta shiga, watakila ma ta fi shiga da sauri. In an bar su kuwa, abin da za a samu shi ne yara masu tsoron ɗaga hannu, da ma'aikata masu ɓoye kuskure maimakon gyara shi, hasarar kuwa ta ƙasa ce duka. Allah ya sa mu gane.