Baƙar Giyar Ailan da Kumfar Shayinmu na Sabha

Wani dare bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a unguwar Gurda, wani matashi ya miƙo mana wayarsa domin mu ga hoton da yayansa ya aiko daga Dublin, babban birnin Ailan. Wani dogon kofin gilashi ne cike da abu baƙi wuluk, da farar kumfa a samansa kamar an naɗa masa rawani. Wani ya ce gahawa ce. Da aka ce giya ce, dattijon da ke kusa da ni ya yi a'uziyya ya mayar da wayar. Ni kuwa saƙon da ke ƙasan hoton ne ya tsaya mini a rai. Yayan ya ce shi ba ya sha, lemo yake saya, amma yakan bi abokan aikinsa mashaya domin a garin nan idan ba can ba, babu inda mutum zai zauna a san da shi.

Bari in share fage tun da wuri. Hukuncin giya a wurinmu sananne ne, kuma dokar ƙasar nan ta haramta ta tun bayan juyin mulkin 1969. Ba na kiran kowa zuwa ga kofin nan. Abin da nake so mu duba shi ne yadda wata ƙaramar al'umma ta ɗauki abin shanta da wurin zamanta ta girmama su har duniya ta san su, alhali mu muna da namu mai tsarki muna barinsa yana lalacewa.

Wannan baƙar giya ana haɗa ta da ruwa, da sha'ir, da yisti, da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop. Baƙinta daga gasasshen sha'ir yake, wanda ake soyawa har ya yi kamar ƙwayar gahawa, shi ya sa masu shanta ke cewa tana da ɗaci da ƙamshin ƙauri, ba ta da zaƙi. Wadda ta fi suna ita ce Guinness. A 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar wata tsohuwar masana'anta a St James's Gate da ke Dublin, a kan fam 45 duk shekara, na tsawon shekara 9,000. A birnin Cork da ke kudu akwai kishiyoyinta biyu: Beamish, wadda kamfaninta ya faro a 1792, da Murphy's ta 1856. Mutanen Ailan sukan yi musu a kan waɗannan ukun kamar yadda Bakano da Bakatsine ke musu a kan furar wa ta fi. Masu son Murphy's na cewa ta fi laushi, masu son Beamish na cewa ta fi ƙauri, mutumin Cork kuwa yakan ɗauki zaɓensa a matsayin kishin garinsu.

Hatta zubinta yana da ƙa'ida. Tun 1959 aka fara sa mata iskar naitirojin, wadda ke ba ta kumfa mai kauri kamar kindirmo. Mai mashaya yakan karkata kofi ya zuba har ya kusa cika, ya ajiye ya jira ta lafa, sa'an nan ya ƙarasa. Kamfanin da kansa ya ce zubin kirki yana cin daƙiƙa 119 da rabi. Wanda ya miƙa hannu kafin a gama, an gane baƙo ne.

Mu Hausawa ba a hoto muka fara jin wannan suna ba. A 1962 Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja ta Legas, ta farko da ta gina a wajen Ailan da Birtaniya, kuma Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta a duniya. Ta Nijeriya ma ta fi ƙarfi: barasar cikinta kashi 7.5 ce cikin ɗari, ta mashayar Dublin kuwa 4.2. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, sai masu yin giya suka koma ga dawa da masara. Ke nan dawar da manomin Arewa ya noma da guminsa takan ƙare a cikin baƙar kwalbar da ake sayarwa a Sabon Garin Kano, kwalbar da Hisba ke kamawa tana fasawa. Duk wanda ya zauna a Kano ya san wannan tufka da warwara. Ya kuma san Malta Guinness, wadda ba ta da barasa, wadda ake kai wa mai jego da marar lafiya a gauraya da madara.

A nan ne wata tsohuwar ƙarya ta samu gindin zama. Shekaru da dama kamfanin ya yi talla da cewa abin shansa na da amfani ga jiki, har mutane a Ailan da Nijeriya suka ɗauka baƙar giya tana ƙara jini da ƙarfi. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Tafin hannu guda na wake ko zogale ya fi ta nesa ba kusa ba. Kamfanin ma ya daɗe da daina wannan iƙirari. Duk wanda ya ce maka magani yake sha, kansa yake yaudara.

To, idan ba magani ba ce, me ya riƙe mutanen Ailan a mashaya? Sunan wurin a harshensu yana nufin gidan jama'a, kuma haka yake a ƙauyukansu. Can ake jin wanda ya mutu da wanda ya haihu, can ake cinikin saniya, can makaɗa ke haɗuwa su yi wasa ba tare da an biya su ba, can ake komawa bayan jana'iza. Suna da al'adar zagaye: kowa a tebur zai saya wa kowa bi da bi, wanda ya zame idan layi ya zo kansa ya zubar da girmansa. Manomi da likita kujera ɗaya suke zama. Tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tafi Amurka, yana da inda za a tambaya idan kwana biyu ba a gan shi ba.

Sai dai sun biya wannan zama da tsada. Ita kanta al'adar zagayen takan sa mutum ya sha fiye da niyyarsa, domin tebur mai mutum shida kofi shida ke nan. Giya ta rusa gidaje a Ailan har wani limamin coci, Father Mathew, ya tashi a Cork a 1838 yana kiran mutane su yi alkawarin barinta, miliyoyi suka amsa. A 2022 gwamnatinsu ta kafa mafi ƙarancin farashin da za a sayar da barasa domin rage ɓarnarta. Yau kamfanin Guinness da kansa yana sayar da irin wadda babu barasa a ciki, da baƙinta da kumfarta, kuma tana samun kasuwa. Wannan shaida ce daga bakin mai kaya cewa da yawa daga masu zuwa mashaya zaman suke nema.

Mu dawo gida. Haramci ya rufe mashaya a Libiya, amma bai kashe ƙishirwar abokin hira ba. Mun san ana dafa boka a ɓoye, kuma ba mu manta da watan Maris na 2013 ba, lokacin da gurɓatacciyar barasa mai guba ta kashe mutane da dama a Tarabulus, ta kwantar da ɗaruruwa, wasu suka makance. Mun kuma san ƙwayoyin da ke yawo a hannun matasa. Yaron da ya baro Maraɗi ko Damagaram, ya ratso Agadas da Dirku da Gatrun ya sauka Sabha, ya wuni yana ɗaukar bulo, ya koma ɗaki shi da bango da waya, shi ne abin farautar masu wannan sana'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa'azi zai gaya masa abin da zai bari, amma wa zai nuna masa inda zai zauna?

Abin mamaki, duk abin da mutumin Dublin ke alfahari da shi muna da irinsa a kan gawayi. Ku dubi shayin da muke sha a nan Fezzan. Shi ma mai kauri ne, mai ɗaci a zagayen farko. Shi ma ba a yarda da shi sai da kumfa, wadda mai dafawa ke ɗagawa yana zubawa daga wannan moɗa zuwa waccan har ta tashi. Shi ma ba a yi masa gaggawa: na farko, na biyu mai na'ana'a, na uku da gyaɗa ko lauz a ƙasan kofi, kuma wanda ya tashi bayan na farko ya yi wa mai gida rowar zama. Idan su suna jiran minti biyu, mu muna jiran sa'a guda, a cikin wannan sa'ar kuwa ake samar wa baƙo aiki, a sasanta masu bashi, a ji wanda ke kwance, a tara kuɗin mayar da gawa ko na belin wanda aka kama. Bayan haka kowa ya tashi da hankalinsa, ya je gida da kuɗinsa a aljihu. A ƙasar Hausa ma haka teburin mai shayi da dakalin ƙofar gida suke.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, majalisarmu ta fara mutuwa. Rashin tsaron shekarun nan ya sa ana rufe ƙofa da wuri. Inda ake zaman ma, kowa kansa a sunkuye yake a kan waya, ana miƙa masa kofi ya karɓa ba tare da ya ɗago ba. Mafi muni, majalisar ta zama ta 'yan gida: waɗanda kakanninsu suka zauna a Murzuk da Gat tun zamanin ayari suna gefe, 'yan ci-ranin da suka zo jiya suna gefe, ga harshe ɗaya ga alƙibla ɗaya.

Wani zai ce kwatanta shayi da giya rashin ladabi ne. Ni ina ganin rashin ladabin shi ne a ce masu abin da ke gusar da hankali sun fi mu iya riƙon baƙo. Shawarata ƙarama ce. Kowace unguwa da muke da yawa, Gurda ko Mahdiyya ko Manshiyya, a tsayar da dare ɗaya a mako da wuri sananne, ko da tsakanin magariba da isha'i ne idan dare bai yi kyau ba. A riƙa sayen ganye da sukari da gawayi bi da bi, domin kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. A ajiye wayoyi har a sha na uku. Duk wanda ya zo ya taho da sabon zuwa guda, a tambaye shi sunansa da garinsu, mako mai zuwa kuma idan ba a gan shi ba a aika a duba. Iyayenmu mata, waɗanda suka fi mu iya tayar da kumfa, su ma su yi nasu a cikin gida.

Zumunta a ƙafa take. Shi wancan bawan Allah na Dublin, da ƙaninsa zai aika masa hoton tabarma cike da mutane da ƙananan kofuna masu kumfa, na tabbata shi ne zai yi kewar gida. Allah Ya tsare mana matasanmu, Ya zaunar da Sabha lafiya.