Makulli mai ƙarfi, mai gadi mai gyangyaɗi: abin da ya kamata masu POS su sani

Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani matashi mai POS a garin Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe, domin in ciri kuɗin mota zuwa Tambuwal. Muna cikin magana sai wayarsa ta nuna saƙon cewa akwai sabuntawar tsaro. Ko karantawa bai yi ba, ya danna "sai an jima".

Na ce masa, "Ƙanena, me ya sa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, data ta yi tsada. Wayar ai tana aiki lafiya."

Ban ga laifinsa ba. Amma a cikin wannan wayar kuɗin manoma da masu sayar da dabbobi suke wucewa kullum, tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa mutanen karkara rungumar tiransifa. Ra'ayina shi ne, bai kamata tsaron wannan dukiya ya dogara da ko yaron yana da rarar data ba.

Bari in yi bayanin dalili.

Duk lokacin da waya ta yi magana da banki, ko ka aika saƙo ta WhatsApp, akwai wani lissafi da ke kulle bayanan, ya kuma tabbatar da cewa wanda kake magana da shi ba ɗan damfara ba ne. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne lissafin lanƙwasasshen layi, wanda masana biyu, Neal Koblitz da Victor Miller, suka gabatar a 1985. Wayoyi suna son sa saboda makullinsa gajere ne, ba ya cin batir, kuma har yau ba a ga kwamfutar da ta fasa shi da ƙarfin tsiya ba idan an yi shi daidai.

Matsalar tana wajen "idan an yi shi daidai". Masu haɗa manhajoji ba sa rubuta wannan lissafi da kansu. Aro suke yi daga kundayen da wasu suka riga suka rubuta. Idan kundin ya karɓi lambar da aka miƙo masa ba tare da ya bincika ta ba, duk wanda ya ara ya gaji ramin.

Ga misali. A watan Afrilun 2022, wani masani mai suna Neil Madden ya bayyana wani kuskure a manhajar Java ta kamfanin Oracle, daga zubi na 15 zuwa na 18. Sa hannun dijital lambobi biyu ne, kuma ƙa'ida ta ce kada ɗayansu ya zama sifili. Da aka sake rubuta kundin, sai aka manta da wannan binciken. Mutum zai iya miƙa sifili da sifili, manhajar ta ce sa hannun ya inganta.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa zai gane wannan. Sikeli yana daidaita idan babu komai a ɓangarorinsa biyu. Ɗan kasuwar da ya ga sikeli ya daidaita ya biya kuɗi, bai duba ko akwai kaya a kai ba, shi ya cuci kansa.

Ba wannan ne na farko ba. A ranar 14 ga Janairun 2020, Microsoft ya toshe wani rami a Windows 10 wanda hukumar tsaron Amurka ta NSA ta gano. Manhajar tana duba makullin takardar shaida, amma ba ta duba tushen lissafin da aka gina makullin a kai ba, don haka shafin bogi zai iya shiga rigar na gaske. Kafin nan, a 2018, Eli Biham da Lior Neumann sun nuna cewa na'urori da yawa masu Bluetooth ba sa tantance lambar da ake aiko musu yayin haɗa su, abin da zai bai wa wanda ke kusa damar sauraron abin da ke wucewa.

A duka ukun, lissafin bai karye ba. Ƙofar ƙarfe ce, mai gadi ne bai tambayi baƙo daga ina yake ba.

Wani zai ce, ai an gyara su duka, kuma ɓarayin da ke damun mu ba masana lissafi ba ne, masu kiran waya ne su ce daga banki suke, su nemi lambar sirri. Gaskiya ne, kuma ba ina cewa an kwashe kuɗin wani a Kebbe ta wannan hanya ba. Sai dai gyaran da aka yi a Amurka ba ya amfanar wayar da ke Fakku har sai ya sauka a cikinta. Da yawa daga cikin wayoyinmu na hannu ne, wasu kamfanoninsu sun daina aiko musu da gyara. Kuma da zarar an bayyana rami, an nuna wa ɓarawo hanya ne. Rigakafi ya fi magani.

To, wa ke da alhaki?

Na farko, Hukumar Sadarwa ta NCC. A Janairun 2025 ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ya dace ta zauna da kamfanonin sadarwa a sa sauke gyaran tsaro ya zama kyauta. Muddin sai mutum ya zaɓa tsakanin gyara da datar sana'arsa, sana'ar zai zaɓa.

Na biyu, Babban Bankin Najeriya. Ya wajabta wa bankuna da kamfanonin POS su riƙe jerin duk kundayen da suka ara, su kuma sami wa'adin toshe rami idan an sanar da shi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta riga ta ɗora musu nauyin tsare bayanan jama'a. Sanarwar kuma ta zo da Hausa, ba Turancin da wakilinsu na ƙauye zai tsallake ba.

Na uku, makarantunmu. Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ne za su rubuta manhajojin gobe. A koya musu tun daga ajin farko cewa duk abin da ya shigo daga waje abin zargi ne har sai an tantance shi, kuma a riƙa gwada aikinsu da lambobin banza kamar sifili, ba da masu kyau kaɗai ba.

Kai kuma mai karatu, idan wayarka ta nemi sabuntawa, ka ba ta. Idan da ita kake riƙe kuɗin mutane kuma ta shekara biyu ba ta ga gyara ba, ka fara tarin kuɗin wata.

Kafin in bar rumfar, na kunna wa matashin nan datata ya sauke gyaran. Bai kai minti ashirin ba. Amma masu POS nawa ne tsakanin Kebbe da Tambuwal, kuma nawa ne za su dace da baƙo mai rarar data?